Ranar da Na Suma a Gaban Mikro

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, a ɗakin watsa shirye-shirye na ƙaramin gidan rediyonmu a Dakoro. Mu uku ne a ciki: ni, da Malam Illo mai kula da na'urori, da baƙuwarmu Dakta Rabi, 'yar garin nan mai bincike kan ƙwaƙwalwa, wadda ta zo hutu gida. Direkta yana biro, wato ofishinsa, da rediyo a kunne. Ya riga ya gaya mini cewa shirin ranar ne zai nuna ko za a bar mini filin lafiya, ko kuwa in koma karanta sanarwar ɓatan awaki.

Kwana uku na yi ina shiri. Kalmar "mitokondiriya" kaɗai na maimaita ta a tsakar gida har yarana suka mayar da ita waƙa.

Shirin ya soma da daɗi. Dakta ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan murahu, su ne mitokondiriya, su ke ba ta ƙarfi. Idan jijiya ta fashe jini ya zuba, ɓarnar ba ta tsayawa a ranar. Jinin da ya kwanta yana ruɓewa, ya saki ƙarfen da ke cikinsa, ƙarfen nan ya haddasa wani irin tsatsa mai cin ƙwayoyin. Murahun su ma sai su rikice, su shiga fesa tartsatsi. Amma akwai wasu sunadarai a cikinsu da aikinsu ke nan, kashe tartsatsin kafin ya kama. Su take bincike a kai. Ta kuma ja kunne cewa har yanzu aikin yana ɗakin gwaji, bai zama magani ba.

Wani makiyayi ya bugo waya daga wajen Korahane, ya ce, "Likita, wagga magana ai wutar daji ce. In babu masu reshe a hannu, ciyawar shekara ta tahi."

"Baba, ka fi ni iya bayani," in ji Dakta.

Ni kuwa daɗi ya cika ni. Waya na ta ƙara, Malam Illo na ɗaga mini babban yatsa. Dakta ta lissafa alamomin da ake gudu da mutum asibiti a kansu: ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, baki ya karkace, harshe ya sarƙe, gefe guda ya mutu, ko mutum ya yanke jiki ya faɗi. (Ku riƙe wannan ta ƙarshen.)

A nan ne kaina ya kumbura. Na ce, "Dakta, na ga kin zo da ordinater, kwamfutar nan taki. Nuna mini yadda abin yake in zana wa masu saurare da baki."

Ta ce, "Hoton tiyata ne fa, Malam."

Na yi dariya irin ta manyan ma'aikata, na ce duk unguwarmu ni ke feɗe ragunan layya. (Ƙafa nake riƙewa, ita ma ina kallon gefe.)

Ta juyo da allon. Na buɗe baki da muryar labarai: "Jama'a masu saurare, abin da nake gani a nan shi ne..." Abin da na gani shi ne ja, da wani abu mai sheƙi kamar hanta. Kunnuwana suka ɗauki ƙugi. Sai duhu.

Malam Illo ya yi tsalle ya tare ni, ya manta bai kashe mikro ba. Saboda haka duk wanda ya kama tasharmu, daga kasuwar dabbobi har Rumbu, ya ji ƙarar kujera, ya ji Dakta tana cewa a ɗaga ƙafafuna sama. Ya kuma ji lokacin da na farfaɗo, na kama gefen mayafinta, na ce cikin muryar da ban san ina da ita ba:

"Likita, don girman Allah kada ki ɓoye mini. Murahuna nawa suka rage?"

"Duk suna nan, Malam. Tsoro ne kawai."

Kafin in tashi zaune, ƙofar gidan rediyo ta cika da babura. Mutane sun ji darasi, sun kuma yi aiki da shi nan take: mutum ya yanke jiki ya faɗi, sai asibiti. Innata ta ratso taron da takalmi ɗaya, tana cewa, "Ina shi ke? Ku ɗauke shi, mi kuke jira?"

Na ce, "Inna, lafiyata lau."

"Rufe mini baki! Likita ta ce harshe na sarƙewa, ga shi nan ina ji."

Haka aka ɗora ni a bayan motar wani dillalin shanu, ina zaune garau ina amsa sannu. A asibiti majo, babban malamin jinya, ya auna tansiyona ko ina da hawan jini, ya ce ta fi tasa kyau. Waɗanda suka rako ni suka ce tunda an zo, su ma a auna su. A cikinsu aka sami kawuna, wanda tasa ta hau sosai bai sani ba, aka ɗora shi kan magani a ranar.

Abin da na koya shi ne, mai aikin rediyo ya tsaya a kan abin da kunne ke ji, ido ba fanninsa ba ne.

Washegari Direkta ya kira ni biro. Ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, bai iya ba. Ya bar mini filin lafiya, da sharaɗin kada baƙo ya sake shigowa da hoto. Har yau a kasuwa Mai Murahu suke kirana.