Rasuwar Gimbiya, Firjin Malam Tambari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma a ƙarƙashinsa wanda bai yarda a kira sunansa ba, Malam Tambari Aliyu na ɗakin gwajin dabbobi da ke Ƙaura Namoda yana sanar da 'yan'uwa da makiyaya rasuwar firjinsa, wadda ya raɗa wa suna Gimbiya. Ta cika ranar Laraba da la'asar, bayan shekara goma sha tara tana aiki.

Marigayiya ba ta taɓa ɗanɗana zoɓo ko ƙanƙarar sayarwa ba. Maniyyin raguna kaɗai take riƙo, a 'yan ƙananan kwalabe, cikin gwaiduwar ƙwai. Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ya san yadda iska ke rina shi. To haka iska da zafi ke cin ƙwayoyin maniyyi, su bar motsi, su kasa sa tunkiya ta ɗauki ciki. Malam Tambari ya yi shekara shida yana ɗiga ruwan zogale a kwalaben nan don rage wannan ɓarna, har ta kai ƙwayoyin da ke mutuwa a kwana uku suna kai kwana biyar. Duk a cikin Gimbiya aka yi wannan. Idan wuta ta dawo takan ce gurrr, ta girgiza, ta kama aiki ba gunaguni.

Sai bara aka turo Dakta Mubashir, shi da sabon firji fari fat. Faifan sola guda ɗaya da aka saya, wanda Malam Tambari ya rubuta takarda sau huɗu yana roƙo, aka ɗora wa baƙon firjin. Baƙi daga Gusau in sun zo, can suke tsayawa su ɗauki hoto, su jingina jakunkunansu a kan Gimbiya. Allah ya sani abin yana cin Malam Tambari, har gaisuwar Dakta sai da ta koma yi masa ɗaci. Abin haushin ma, yaron ba shi da laifi, ga ladabi.

Ranar Litinin Maccido, wani makiyayi daga Galadi, ya kawo ragonsa balami a kan babur, aka ɗebi maniyyinsa kwalba goma sha biyu. A hanyar komawa 'yan bindiga suka tare shi, suka ƙwace ragon. Ya bugo waya. "Malam, abin da ke hannunka shi kaɗai ya rage na wanga rago. Tun kakana muke da irinsa. Ranar Juma'a ina tahe da tumaki bakwai." Malam Tambari ya ce ya kwantar da hankalinsa.

Ciwon ajali ya fara ranar Talata da hantsi. Gurrr ta koma tak, tak, tak, sanyinta ya soma ja da baya. Dakta Mubashir ya ji, ya buɗe nasa firjin ya ce, "Baba, kawo su nan, akwai wuri."

Taku shida ne tsakanin firjin biyu. Amma Malam Tambari ya hango 'yan raguna bakwai suna tsalle a Galadi, ana cewa firjin Dakta ne ya cece su, zogale da shekara shida sun bi ruwa. Ya ce, "Na gode, Dakta. Gimbiya ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Sai ya yi mata abin da mahaifiyarsa ke yi wa randa a bazara. Ya jiƙa buhunan algarara uku ya lulluɓe ta ruf, har da bayanta, inda take fitar da zafi. Randa ce ke son haka, firji kuwa numfashi aka toshe masa. Ta yi ta fama har washegari, ta ce tak sau ɗaya, ta yi shiru. Ranar Alhamis ya ɗiga abin da ke cikin kwalaben ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya duba goma sha biyun duka, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba.

Marigayiya ta bar madubi ɗaya mai tsagaggen ido, da turmin dakan zogale, da littattafan gwaji huɗu, da maƙwabcinta sabon firji, wanda har yanzu yake aiki lafiya lau, ko atishawa bai yi ba.

Za a fitar da ita gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a amalanke, zuwa wurin masu gwangwan da ke bayan tasha. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin gwaji. Dakta Mubashir ya nemi ya kama a ɗauka, an ce ya huta.

Duk wanda ya haɗu da Maccido a hanyar Shinkafi da tumaki bakwai, don Allah kada ya gaya masa komai, ya bar shi ya ƙaraso. Dakta ya ce zai tare shi ya yi masa bayani a hankali. Malam Tambari ya ce a'a, shi zai tsaya gaban bawan Allah ya faɗa masa da bakinsa cewa akwai wuri a firjin Dakta, shi ne ya ƙi. Ko wannan ba zai bari Dakta ya riga shi ba.