Akuyar Inna a Waƙar Sinawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da yaran Kebbe suka tona min asiri ba.

Na dawo Tambuwal daga karatu a ƙasar Sin ina jin kaina, na kulle a ɗaki ina haɗa manhajar koya wa yara tsofaffin waƙoƙin Sinawa: hoto ya fito, muryata ta karanta baiti da Sinanci, sannan da Hausa. Inna kuwa gani take zaman banza nake, abin yana cina a rai.

Na kai wa wani malamin firamare a Kebbe manhajar, na ja masa kunne cewa duk abin da na'ura ta faɗa yara su haddace, kada su zubar da ko harafi. Ban saurari abin da na naɗa ba (gwani kuma me zai saurara?).

Ranar gwaji na ɗauko Inna a babur, duk da munin hanyar, don ta gani da idonta. Ga iyaye, ga jami'in ilimi a kujerar gaba. Yara suka miƙe suka rero Sinanci tiryan-tiryan, ni kuwa sai gyara hula nake. Suka shiga fassarar, waƙar wani manomi mai jiran ruwan sama a gindin dutse. Ana tsakiyar baiti sai suka ɗaga murya baki ɗaya:

"Kai, rago! Bar magana kai ɗai, fito ka ɗamre akuyag ga!"

Suka ci gaba da waƙa abinsu. Ashe ranar naɗi Inna ta kwaɗa min kira ta taga, na'ura ta kwashe. Yara sun ɗauka uwar manomin ce.

Jami'in ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah! Ashe Sinawa ma haka uwayensu ka yi musu?"

Na buɗe baki zan ce haka ne, sai Inna ta ɗaga hannu daga baya.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Kuma har yau bai ɗamre ta ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Har malamin sai da ya riƙe ciki don dariya.

A hanyar dawowa Inna ta taɓa kafaɗata ta ce aikin ya yi kyau, musamman wurin da ta fito. Tun daga ranar, kafin in taɓa na'ura sai na ɗaure akuya.