Yadda Za Ka Nemi Ƙuri'ar Yayanka Alhali Kuna Gaba

Idan kuna gaba da yayanka, kewarsa tana cin ka, amma girman kai ya hana ka taka ƙofarsa, to ka faɗo hannun gwani. Ina ba ka tabbaci, ba irin alkawarin ɗan takara ba. Bi matakan nan a 'yan kwanakin da suka rage a yi zaɓen shugaban ƙasa, za ka shiga gidansa, ka zauna, ka sha ruwansa, ba tare da "ka yi haƙuri" ta fita daga bakinka ba.

Hanyar gwadajjiya ce. A kan mai askina na gwada ta, wanda duk layinmu Mai Aski muke ce masa. Yayansa kafinta ne. Bayan rasuwar mahaifinsu, Yaya ya yi wata tafiya, sai Mai Aski ya sa aka sare bishiyar gwaibar da tsohon ya dasa da hannunsa a tsakar gida, wai saiwarta tana tsaga katanga. Yaya ya dawo ya tarar da kututture. Ya ce kada ƙanen ya ƙara taka masa ƙofa, ƙanen ya ce da ma bai yi niyya ba. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu suna zuwa makaranta da ƙafarsu, su kuwa manyan ko a jana'iza suka haɗu kowa kallon takalminsa yake.

Sai ga labari ya iso shagon aski: idanun Yaya sun yi rauni, ya sayar da shagonsa, babban ɗansa zai ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa. Ƙuri'arsa kawai yake jira ya kaɗa, washegari a tafi. Ran nan ina kan kujera Mai Aski ya kusa cire mini kunne. Na tambaye shi lafiya, ya faɗa mini, ya ƙara da cewa shi fa ko a jikinsa. Sai ya nufi ɗaya kunnen.

Mataki na 1: Zaɓi ɗan takarar da yayanka ba ya so

Kada ka ɓata lokaci wajen karanta manufofi. Hau babur ka bi ta ƙofar shagon yayanka, ka yi kamar kana duba madubi, ka saci kallon fostar da ke jikin bango. Ko fuskar wa ka gani, ɗayan shi ne gwaninka daga yau.

Wawa ne ke zaɓen wanda yayansa ke so. Za ka ƙwanƙwasa, ya ce "Da ma shi zan zaɓa," ya rufe ƙofa, shi ke nan an gama da kai. Mutumin da kuka yarda da juna ba ya buƙatar ziyara. Wanda kuka saɓa shi ake koma wa.

Mataki na 2: Je ofishin kamfe ka sa kai

A kwanakin ƙarshe babu mai binciken tarihinka. Ofishin za ka same shi cike da kujerun roba, kwalayen fosta har rufi, fanka ɗaya tana juya zafi, wayoyi sun yi cincirindo a kan soket guda. Nemi wadda muryarta ta fi dishewa, ita ce shugabar 'yan sa-kai. Ta Mai Aski tsohuwar malamar makaranta ce, har yau idan ta ɗaga yatsa manya gyara zama suke yi.

Idan ta tambayi dalilin zuwanka, ka dafa ƙirji ka ce makomar ƙasa ce ta hana ka barci. Rabin maganar gaskiya ne, don barcin ba ka yi.

Za ta kai ka gaban taswirar gari da aka manna a bango, a raba layukan da za a bi gida-gida. Kada ka nuna layin yayanka da zumuɗi. Kushe shi za ka yi. Mai Aski ya girgiza kai, ya ce mutanen layin nan taurin kai gare su na gado, ba kowa zai iya da su ba, amma shi ya sadaukar da kansa. Malama ta sa aka yi masa tafi. Ya karɓi tafin ba kunya, kuma haka nake so kai ma ka yi.

Mataki na 3: Sa rigar, sa hular

Nan sirrin yake. Da ka sa riga mai hoton ɗan takara, ba kai ne ka je gidan ba, jam'iyya ce ta je. Idan aka kore ka, ɗan takara aka kora, kai ko gezau. Idan aka ba ka kujera kuwa, ai dole wani ya zauna a madadinsa.

Manyan riguna sun ƙare tun farkon kamfe, don haka ka yi haƙuri da abin da ka samu. Ta Mai Aski ta matse shi har fuskar ɗan takarar ta baje a kan tumbinsa kamar mai ciwon haƙori. Matarsa ta dube shi ta ce ita dai a iya saninta bai taɓa sauraren labarai har ƙarshe ba. Ya ce mata ba a tsufa da kishin ƙasa. Ta ce ya gaishe mata da Yaya.

Mataki na 4: Fara da maƙwabta

Kada ka zarce ƙofarsa kai tsaye, za a gane. Fara daga bakin layi. Mai Aski ya ƙwanƙwasa kowane gida, har da wani mai kwaɗo a ƙofa, ya tsaya ya yi wa kwaɗon sallama. Da gidaje suka ƙare ya tsaya gaban na Yaya, ya ji kamar ya juya. Tsoro ne ya kama shi, irin na yaron da ya fasa kofi.

Matar Yaya ce ta buɗe. Ta dube shi sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Ah, ƙaramin mijina. Ashe kana raye? Ko siyasa ce ta tono ka?"

Ya ce daga ofishin kamfe aka aiko shi. Ta ce ya shigo, ofishin ma ya shigo.

Yaya yana zaune a kan benci a tsakar gida, ga kwalaye an fara ɗaurewa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, yana ƙanƙance ido yana neman wanda ya shigo. Mai Aski ya daure ya karanto abin da aka koya masa tun daga samar da aikin yi har zuwa ruwan sha, bai ko numfasa ba. Yaya ya bari ya gama, sannan ya juya ga matarsa ya ce ta ba ɗan kamfe kujera, baƙo ne.

Ka ji ko? Ɗan kamfe. Kada ka ji haushi. An yarda da wasan ke nan, kuma wasan da mutum biyu suka yarda da shi yana daɗewa.

Mataki na 5: Kada ka yi nasara

Sabon shiga yakan zage ya kare gwaninsa har ya ci gardama. Idan ka ci gardamar yau, gobe da wane dalili za ka dawo? Bar ɓaraka a ko'ina. Idan an tambaye ka, ka ce sai ka tuntuɓi ofis.

Yaya ma ba baya ba ne. Mutumin da fostar ɗan takararsa ta koɗe a bangon shago tsabar daɗewa, sai ga shi ya ce shi fa har yanzu bai yanke shawara ba. Kullum da tambayar da zai aiki ɗan kamfe da ita. Yau me gwanin zai yi kan tsadar katako, gobe me ya tanadar wa masu ciwon ido. Malama ta gaji da tambayoyin, ta ce ya rabu da tsohon nan ya nemi wasu ƙuri'un. Mai Aski ya ce saura ƙiris ya faɗo.

A haka ya riƙa rufe shago da rana, kwastomomi suna yawo da suma. Ya ɗaure kwalaye, ya kwance gado, ya sauke labule, duk a matsayin ɗan sa-kai. Ya ci abincin gidan ma, a madadin jam'iyya.

Ka yi hattara, wata rana maganar za ta zame. Yaya ya ce shi abin da ya sa yake shakkar ɗan takarar nan, ya yi kama da wanda zai rushe abu ba tare da ya shawarci na gaba da shi ba. Mai Aski ya ce wani lokacin shugaba yana ganin katanga za ta faɗa wa yara, babu lokacin jira. Yaya ya ce ai akwai waya. Matar Yaya tana naɗe zannuwa ta ce ita duk sauraren rediyonta ba ta ji an ce wani ɗan takara yana da katanga ba. Idan haka ta faru da kai, ka duba agogo ka ce akwai taro a ofis. Abin da Mai Aski ya yi ke nan, kuma na yaba masa.

Mataki na 6: Ranar zaɓe, ka sa kai wajen jigila

Kowane kamfe yana neman masu kai tsofaffi rumfar zaɓe. Ɗaga hannu da wuri. Mai Aski ya ɗauko Yaya a babur, Yaya ya riƙe ƙarfen baya, ya ƙi riƙe kafaɗa.

A nan hanyata take da ɗan rami, kuma ba laifina ba ne, laifin doka ne. A bakin makarantar da ake zaɓen, ɗan sanda ya tare Mai Aski. Ya ce babu hular jam'iyya a nan, babu riga mai hoto, babu zancen ɗan takara. Mai Aski ya cusa hular a aljihu, ya juya rigar baibai, ɗan takara ya koma yana kallon ciki. Ya dawo ya tsaya kusa da Yaya a layi, babu ofis, babu jam'iyya, sai shi kaɗai.

Layin kuwa dogo, ya zagaya ajujuwa har bakin famfo. Rana ta take. Duk abin da Mai Aski ya ɗauko zai faɗa sai ya ga an haramta shi. Ya yi maganar zafi, Yaya ya ce uhm. Ya yi maganar jinkirin malaman zaɓe, Yaya ya ce uhm. Layi yana matsawa, shi kuma yana ganin gobe tana matsowa, kuma ya san idan motar da za ta ɗauki Yaya ta tashi ba lallai ya ƙara ganinsa ba.

Shawarata a nan: ka yi shiru, ka ƙirga kawunan mutane. Mai Aski bai ji ba. Saura kaɗan su kai tebur ya sunkuyar da kai.

"Yaya, da na kira ka. Bishiyar Baba ce, ba tawa ba. Ka yafe mini."

Ka ga asara. Duk wahalar da muka sha, ya zubar da ita a bainar jama'a.

Layi ya iso kan Yaya. Ya miƙa katinsa, ya kai takardar dab da hancinsa, ya dangwala, ya jefa a akwati. Ya fito yana hura tawadar yatsansa. Sai da suka kai gindin babur ya ce wa ƙanen, don kada ya yi wani zato, gwanin da yake wa kamfe bai samu ƙuri'ar ba. Daga nan ya cire hularsa, ya sunkuyo da kai. Gefe guda ya fi gefe tudu, ƙeya kamar ɓera ya ci.

"Dubi abin da wasu masu aski suke yi mini shekara da shekaru. Haka kake so in shiga garin mutane?"

Da za su koma, kafaɗa ya riƙe.

Mataki na 7: Washegari, ka bar rigar a gida

Babu abin da zan koya maka a nan, don ba ya cikin tsarina. Mai Aski ya zo da sassafe da jakar kayan aikinsa. Kujeru duk an loda a mota, sai Yaya ya zauna a kan akwatin zartuna da guduma. Rediyon maƙwabta yana ta karanto sakamako, babu wanda ya saurara a cikinsu. Askin da yake gamawa kafin shayi ya huce, ran nan ya ja shi, ya gyara, ya sake gyarawa, ya ce akwai saura a bayan kunne. Direba ya yi hon har ya gaji. Yaya bai ce ya yi sauri ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da ya biyo baya. Idan gwaninka ya faɗi, ko ka manta ka kaɗa taka ƙuri'ar kamar yadda Mai Aski ya manta, Malama ta daina amsa gaisuwarka, ku ƙarata can. Alkawarin da na yi na shiga gida ne da shan ruwa, kuma na cika. Ban ce ka buɗe baki a layi ba. Idan ka buɗe aka yafe maka, sannan mota ta tashi da yayanka, ka tsaya a bakin titi da tawul a kafaɗa kana lissafin shekarun da kuka zubar a banza, kada ka zo wurina. Ban san maganin wannan ba.