Yadda na wanke takobin Kaka tas

Ba zan taɓa mantawa da satin da aka ba ni ajiyar takobin Kaka ba, ko da na so mantawa 'yan gidanmu ba za su bari ba.

Mu maƙera ne a Dungas, kaka da kakanni. Ni kaɗai ne aka tura lakwal, wato makarantar boko, na fito malamin tarihi a Magarya, kuma tun daga nan nake ganin duk abin da aka rubuta a duniya aikina ne in karanta wa dangi. (Ban taɓa riƙe masaba na minti biyar ba, amma in ana gardama kan ƙarfe muryata ce a sama.)

Kakanmu ya tsallaka Najeriya yana saurayi, ya shiga sojan Ingilishi, aka kai su ƙasar Bama yaƙi da Japanawa. Abin da ya dawo da shi tari ne da wani takobi mai lanƙwasa irin na Japanawa. In aka zare wani ɗan tsinken gora, ƙotar takan fita, sai ka ga ƙarfen da ke cikinta baƙi ƙirin da tsatsa, da wasu 'yan zane-zane da suka kusa shafewa. Kaka yakan ce sunan maƙerin ne, wai a can maƙeri yana ɓoye sunansa a cikin ƙota. Da ya rasu takobin ya koma hannun 'yarsa, Gwaggo Hajara, ƙanwar babana. Idonta ya yi rauni yanzu, amma kowace Juma'a sai ta zare ƙotar ta bi zanen nan da babban yatsa, kamar yadda ubanta yake yi. Burinta guda ne.

"Ina son in ji sunan mutumin nan kafin in tafi," in ji ta. "Ɗan'uwan sana'ar babana ne. Shekara nawa yana kwana a ɗakina ban san yadda zan kira shi ba."

Na buga ƙirji na ce ta bar mini. Har na sa rana: bikin 'yar Yaya Sani, wana, saura kwana takwas, ranar da dangi za su taru. Yaya Sani, wanda shi ya gaji maƙerar gidan, ya naɗe takobin a buhu ya miƙo mini yana cewa, "Malam, ka duba da ido kawai. Tsatsar nan ta girme ka, ka bar ta inda ka same ta." Na yi murmushin mai diplom, na hau kabu-kabu.

Akwai Rabi, 'yar Gwaggo, ma'aikaciyar asibiti a Damagaram, wadda ta taɓa aiki da wata Bajapaniya kuma suna gaisawa ta waya har yanzu. Ina isa Magarya na ɗauki foton zanen a tsaitsaye, rabin yatsana a ciki, na tura mata. Washegari ta ce ƙawarta ta kasa karantawa, amma za ta kai wa wani tsoho da ya san takubba. A jira.

To jira ne ban iya ba. Ina cikin aji ina ba da darasi, hankalina yana kan salula. In rezon waya ya ɗauke sai in fita bakin titi ina ɗaga hannu sama kamar mai kiran tsuntsu. Kwana uku shiru. Na zare ƙotar ya fi sau ashirin, na duba a rana, na duba a inuwa, na juya ta sama ta koma ƙasa (don ban ma san ta ina ake fara karantawa ba). A kwana na huɗu wata dabara ta faɗo mini: ai ba Japanawan ne suka gaza ba, tsatsa ce ta rufe rubutun. In na cire ta, magana ta ƙare.

Na fara da toka da lemun tsami, yadda ake wanke tukunya. Ya ɗan yi haske, na ji daɗi. Na ƙara da yashi. Na sace soson ƙarfe na matata. Duk lokacin da na duba sai in ga zanen ya ƙara dushewa, sai in ce wa kaina ai sauran tsatsar ce ta cike ramukan. Ranar Alhamis na ari magagari wajen mai gyaran babur na ɗan shafa, kaɗan kawai, sannan na ƙara kaɗan. Kafin la'asar ƙarfen yana walƙiya kamar sabon cokali. Rubutu kuwa, in na karkata shi sosai, ina ganin kamar akwai wani abu. Na mayar da ƙota da sauri na ce fotona na farko ya isa.

Ranar biki, bayan an ɗaura aure an ci tuwo, dangi suka cika tsakar gida, har da na Mallawa da na tsallaken iyaka. Daidai lokacin saƙon murya ya shigo daga Rabi, wadda aiki ya hana ta zuwa. Mai hankali zai koma gefe ya fara saurare shi kaɗai. Ni kuwa na miƙe, na yi gyaran murya, na ce, "Jama'a, amsa ta iso daga Japan!" Na ƙure sautin salula.

"Yaya Malam, tsohon ya gani," in ji muryar Rabi. "Ya ce foton bai fito ba, alama ta ƙarshe kawai ya iya karantawa, ma'anarta 'ya ƙera'. Sunan yana samanta, yatsanka ya rufe rabi. Ya ce ka sake ɗauka da hantsi, haske ta gefe, zai karanta sarai. Sannan ya ce don Allah, ya maimaita har sau uku, kada kowa ya taɓa tsatsar nan. Da ita suke gane shekarun takobi, kuma rubutun ba shi da zurfi, ana gogewa ya tafi."

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo. "Sai gobe da hantsi ke nan. Miƙo takobin nan in ji."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta zare tsinken da kanta, ƙotar ta fita, hasken ƙarfen ya haske fuskar Yaya Sani. Salati kawai ya yi a hankali. Gwaggo ta bi wurin da yatsa, ta koma sama, ta sake saukowa, ta juya ɗaya gefen. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba.

"Ina rubutun?" ta tambaya.

"Gwaggo, na ɗan... tsaftace shi ne."

Sai ta ce, "To, mun dai ji ƙera shi aka yi, ba tsirowa ya yi ba." Wasu suka kasa riƙe dariya. Ita ba ta yi ba. Ta mayar da ƙotar, ta ɗora takobin a cinya ta ce, "In jikokina suka tambaya zan faɗa musu abin da na sani. Wanda ya rubuta, ba mu san sunansa ba. Wanda ya goge, mun sani."

Ta yafe mini tun kafin in roƙa, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Har yau kowace Juma'a tana zare ƙotar tana shafa wurin, ga shi sumul.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ya yi baƙi ne yake jiran in wanke shi ba, kuma in maƙeri ya ce a bar ƙarfe, mai diplom ya sa hannu a aljihu. Yanzu ko tsohuwar tukunya na gani a gidanmu sai in gaishe ta in wuce. 'Yan gidan ma dai ɓoye ta suke yi in sun ji ƙarar kabu-kabuna.