Tulin Ciyawar Gwaggon Biri

A wani daji mai kurmi a tsakiyarsa aka yi wani da cutar son a gani ta kama. Cuta ce da ba ta hana mai ita aiki, ƙarasawa take hana shi. To, ku saurara.

Kurmin nan shi ne rayuwar dabbobin wurin. A cikinsa idon ruwa yake, ga ɗorawa, ga kanya, ga tsamiya. Duk shekara in damina ta ɗauke, mafarauta kan cinna wa daji wuta. Saboda haka dabbobi kan yi gayya su share fili mai faɗi kewaye da kurmin, yadda in wuta ta iso ba za ta sami abin ci ba, sai ta mutu. Ba mai biyan kowa. Ƙa'ida guda ce, ciyawar da ka yanke ka ƙone ta kaɗan-kaɗan da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba. In an gama a taru a yi wa juna godiya.

Tsohuwa Beguwa ke raba aiki. Mugun Dawa ya tuge saiwa da haurensa, Gafiya da 'ya'yanta su kwashe, Zabi su tsince abin da ya rage. Allah ya saka musu, da guminsu ake shan inuwa.

A shekarar da nake ba ku labari, Gwaggon Biri ya riga kowa zuwa.

Ya ce, "Inna Beguwa, ni a ba ni gefen hanya, wajen gidana. Kuma kowa ya huta da ƙona ciyawa. Ku kawo mini, na ɗauke muku."

Mugun Dawa ya dube shi ya ce, "Kai da bara ciwon baya ya kama ka ranar gayya, ya sake ka ranar godiya?"

"An yi mini magani, Baba."

Gaskiya a faɗe ta, ya yi aiki. Ya yanke tasa, ya karɓi ta kowa, ya tula a ƙofar gidansa ta cikin filin da aka share, har tulin ya fi shi tsawo. Kullum sai ya hau kai ya zauna yana gaida masu wucewa.

Beguwa ta je ta same shi ta ce, "Ɗan nan, sannu da ƙoƙari, mun gode. Amma ciyawar nan ta soma bushewa. Gobe da sassafe ka fara ƙona ta."

"Haba Inna! In na ƙone, ranar godiya me za a nuna? Toka? Ai tokar kowa iri ɗaya ce. Ya kamata jama'a su ga abin da kwamitinmu ya yi."

"Wane kwamiti kuma?"

"Ni ne shugaba. Sauran muƙaman ana kan shawara."

Wuta ba ta jira ranar godiya ba. Da rana tsaka ta taso daga yamma, ta kewaye kurmin, ko'ina ta iso fili sai ta lafa. Wajen gidan Biri ne kawai tartsatsi ya tsallaka ya faɗa kan tulin, tulin ya kama, harshen wuta ya miƙe ya nufi kurmi.

Ba wanda ya tsaya cewa ai an gaya maka. Mugun Dawa ya dinga watsa ƙasa, Gafiya da 'ya'yanta suna janye busasshen ganye daga gaban wutar, Zabi suna duka da fukafukai har suka babbake. Kafin la'asar suka kashe ta. Idon ruwa ya tsira, da duk itatuwan da ke kewaye da shi.

Ranar godiya Beguwa ta kira kowa da sunansa ta yi masa addu'a. Da ta zo kan Biri ta ce, "Kai ma mun gode, ka yi gumi, ba wanda zai musa. Baɗi in Allah ya kai mu, ciyawarka kaɗai za ka riƙe."

Ga abin da Biri ya rasa: gidansa, rumbu biyu na kanya, ɗorawar da ya gada daga ubansa, da gashin wutsiyarsa kaf.

Aikin sauran yanzu ba mai iya nuna wurinsa, ganye ya rufe. Nasa kuwa, ƙonannen fili, har yau daga hanya ake hangowa.