Ranar da Na Yi Ciniki da Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bayan kaka ba, ranar da na tsaya a bakin hanyar Malumfashi cikin babbar riga mai sitaci, bas guda na mutane suna kallona, surukina a tsakiyarsu yana jan carbi. Amma bari in faro daga inda abin ya faro.

Ni dillalin hatsi ne a Funtua. Da buhu ɗaya a bayan keke na fara, yau ina da sito da motocin ɗaukar kaya. Ba don alfahari na faɗi wannan ba, sai don a gane irin kan da nake da shi. Duk abin da na samu a duniya, a tsakanin mutum biyu na same shi. Manomi yana can, mai saye yana can, ni ke kai maganar wannan wurin wancan, kuma tun ina saurayi na gane cewa in mutum ya ce "iyakata ke nan," to akwai saura a bayan maganar. Sai ka yi haƙuri, ka ɗan matsa. Wannan ilimin ya ciyar da ni da iyalina, shi ne kuma ya kunyata ni.

Da hali ya ɗan samu sai son mota ya kama ni, kuma ba irin wadda ta dace da magidanci ba. Wata 'yar ja ce ta tsere, tsohuwa, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusa da ƙasa kamar ƙadangare. A Kaduna na gan ta, ban iya barinta ba. (Matata ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "To yaran a ina za su zauna?" Na ce ai ba don yara aka yi ta ba. Ta ce, "Na ga alama. Don babban yaron aka yi ta.")

Bayan 'yan watanni ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai. Na kai ta wurin Malam Sale, bakaniken da ke duba mini motoci tun ina da ɗaya. Ya sauke injin, ya buɗe, ya zura yatsa cikin ramukan da fistin ke hawa da sauka, ya ce sun cinye. Sai an fafe su, a sa fistin masu ɗan girma. Na tambaye shi ko hakan zai ƙara mata ƙarfi.

Ya ce, "Alhaji, ka ɗauki ramin nan kamar mudu. In kana so ya ci hatsi da yawa, ko ka ƙara masa zurfi ko ka ƙara masa faɗi. Zurfi aikin wannan ne." Ya dafa wani ƙarfe mai gwiwa-gwiwa da ke kwance a kan buhu, karanshaf ke nan, wanda ke tura fistin sama ya jawo shi ƙasa. "In zurfi kake so sai an canza shi, kuma sai an yi odarsa daga waje, ka jira wata da watanni. Naka kuwa lafiyarsa lau. Mu bar shi, mu ƙara faɗi."

Maganar ta yi mini. Ba na son jefar da abu mai lafiya. Na ce to har ina za a iya fafewa?

Ya nuna mini farcensa. "Kamar kaurin wannan, ko bai kai ba. Bayan bangon nan ruwa ne ke zagayawa yana sanyaya inji. In bango ya yi siriri, an gama. Iyakarsa ke nan."

Kun ji kalmar da ya faɗa. Shi gargaɗi ya yi mini, ni kuwa kunnena na kasuwa tayin farko ya ji.

Ya rubuta mini girman fistin a takarda, na tafi Kano da kaina. Mai shagon ya fito mini da abin da ke takardar, sannan ya nuna mini wasu da suka fi su girma, ya ce za su zauna a hannun da ke haɗa su da karanshaf ba matsala. Na auna su a tafin hannuna kamar ina duba ƙwayar masara. Na ɗauki manyan.

Mai fafe inji a garinmu Rasaki ne, Bayerabe haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Da motar kayana na kai masa gangar injin, wato jikinsa mai ramukan nan, ni kaɗai. Ya ɗauki fistin ɗaya ya sa ma'auni, ya dube ni.

"Alhaji, wannan na wace tirela ne?"

Na ce na wannan injin ne.

"Oga Sale ya gan su?"

"Shi ya ce in sayo."

(A lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba. Ya ce in sayo fistin, na sayo fistin. A kasuwa haka muke gyara zance kullum, kuma kowa ya tashi da murna.)

Rasaki ya ɗaga kafaɗa. "To, in Oga Sale ya ce, shi ya san injinsa."

Da na mayar da kayan gareji, Malam Sale ya leƙa ramukan. Ya ce, "Alhaji, ba wannan na rubuta maka ba." Na ce Rasaki ya auna, ya ce akwai sauran nama a bangon. Ya sake leƙawa, ya ce, "Rasaki ya ce? To, shi ke da ma'auni." Ya haɗa injin a kan tsohon karanshaf ɗinsa, ya ce in riƙa binta a hankali na 'yan makonni. Ta tashi da wata irin murya mai kauri, ba hayaƙi ko kaɗan. Na koma gida ina jin na yi cinikin da ya fi kowanne a shekarar.

Sati biyu bayan haka aka sa ɗaurin auren 'yar ƙanen surukina a Malumfashi, ƙarfe sha ɗaya na safe. Baba, mahaifin matata, shi ne babba a gidansu, shi zai ba da auren. In bai isa ba, ba abin da za a ɗaura. Na ce ni zan kai shi. Matata ta ce in ɗauki babbar motar. Na ce mutum biyu ne kawai, me za mu yi da babba? Gaskiyar ita ce so nake a gan ni. Angon kuwa bakanike ne daga layin gareji, a hannun Malam Sale ya koyi aiki, Malam Salen ne ma wakilinsa. Na san wannan sarai, amma ban tsaya na yi tunanin su wa za su cika motar abokan ango ba.

Shigar da Baba cikin motar aiki ne. Sai da ya tattare rigarsa, ya cire hula, ya sauka a hankali kamar mai shiga rijiya. Da ya zauna ya ce, "Ai wannan kamar a tabarma nake." Ya fito da carbinsa.

Har Bakori na bi a hankali. Da muka wuce gari hanya ta buɗe, gonaki hagu da dama duk an karye masara, sai na hango wata farar bas a gaba cike da mutanen gareji. Na gane Malam Sale a gidan gaba. Ƙafata ta yi nauyi. Na taka totur, motar ta yi kuka, na wuce su ina danna ham har da ɗaga hannu.

Baba ya ce, "Alhaji, sai mun isa za a ɗaura. Bi a hankali."

Na ce, "To, Baba," amma ban ɗaga ƙafar ba. Ba mu yi nisa ba allurar zafi ta haura. Na duba madubi na ga farin hayaƙi ya rufe hanya kamar ana ƙona kara. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na gangara gefen wata gona. Na duba agogo, saura abin da bai kai rabin awa ba.

Bas ɗin ta zo ta tsaya a bayanmu. Malam Sale ya fito. Bayansa, yana gyara hula, Rasaki ya fito. A nan ne na gane asirina zai tonu, tun kafin kowa ya yi magana.

Aka buɗe bonet. Malam Sale ya zaro sandar duba baƙin mai, ya ɗaga ta sama. Man ya koma kamar shayi mai madara. Ya ce, "Bango ya tsage, ruwa ya shiga." Ya juya wurin Rasaki, ba da faɗa ba. "Kai kuwa da ka ce akwai sauran nama, ina naman?"

"Ni? Ni na ce? Ai cewa aka yi kai ka aiko da fistin ɗin."

"Wa ya ce?"

Su biyun suka juyo a tare, sauran mutanen bas suka bi idonsu. Baba ya riga ya fito, yana tsaye da hularsa a hannu. Na buɗe baki in gyara zance kamar yadda na saba, na tarar ba abin gyarawa, tunda mai saye da mai sayarwa ga su nan kafaɗa da kafaɗa. Na ce, "Ni ne." Muryar da ta fito ban san ta ba.

Wani daga baya ya ce, "Kai, Alhaji, har inji sai ka ci la'ada?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa saboda ganin idon dattijo. Baba bai yi dariya ba. Ya sa hularsa ya ce, "Jama'a, ana jiranmu."

Aka ba shi gidan gaba. Ni aka tura ni kujerar ƙarshe, tsakanin Malam Sale da Rasaki, kuma har Malumfashi suna hira ta saman kaina a kan kaurin bangon inji, kamar ba na wurin. Mun makara kaɗan. Liman na zaune, mutane sun fara duba hanya. Baba ya ba da haƙuri ya ce mota ce ta ba mu matsala, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan rufin asirin ya fi mini zagi ciwo.

Na ɗauka an gama. Sai da aka zauna za a ɗaura, Malam Sale a matsayinsa na wakilin ango ya zauna ɗan nesa, sai Baba ya yafito shi da hannu. Ya ce, "Matso kusa, Malam Sale, mu ji daga bakin juna. Yau kam kada a sa ɗan aike a tsakani." Mutanen gari suka ɗauka maganar dattako ce, suka gyaɗa kai. Mutanen bas kuwa kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ni na tsura wa tabarma ido har aka shafa fatiha.

Gangar injin ta tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Karanshaf ɗin kuwa Rasaki ya auna shi ya ce ko ƙwarzane bai yi ba, shi kaɗai ne a cikin injin ban sa wa baki ba. Yana nan a sitona, da shi nake tokare ƙofa. Har yau ina kai aiki wurin mutanen nan biyu, sai dai duk abin da na ce ɗaya ya faɗa, sai ɗayan ya ciro waya ya kira shi a gabana, yana murmushi.

Abin da na koya shi ne, mutum in ya ce iyakarsa ke nan, sau da yawa ya bar ɗan wuri a baya. Ƙarfe bai san wannan al'adar ba, tayinsa na farko shi ne na ƙarshe. Kuma duk dillalin da zai kai magana tsakanin mutum biyu, ya fara tambaya ko bas ɗaya za su hau ranar Asabar.