Shef a Ƙasan Rijiya

Ko na tsufa na rikice, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga rijiya a wani ƙauye kusa da Hamdara ba. Lokacin fari ne. Rijiyar garin ta ƙafe, maigari ya ce in wata ya mutu ba ruwa, kowa zai ɗaure kayansa ya yi kudu. Ni kuwa sarwis, wato ma'aikatarmu, ya naɗa ni shef na magina rijiya su takwas, aka turo mu mu samo wa garin ruwa, dawowata ke nan daga estaj, wato horo, na wata uku a Yamai kan iya shugabanci. Kaina ya kumbura, ko hula ba ta zama.

Babbansu Baba Gaji ne, tsoho mai ƙarancin magana, wanda ya fara haƙa rijiya tun ba a haife ni ba. Na tarar kowane mai shiga rami yana da mutum ɗaya tak da ke riƙe masa igiya. Na ce wannan son kai ne. Na zana jadawali da jan biro: kowa zai riƙe wa kowa, bi da bi.

"Mushe," in ji Baba Gaji (haka ake kiran ma'aikaci a wajenmu, daga Faransanci), "igiya ba a rabonta a takarda."

"Baba, zamani ya canza," na ce (Allah Ya yafe mini).

Kwana biyu ba wanda ya shiga. Na kira shi taurin kai, har na rubuta wa wani daga cikinsu, Ɗan'azumi, takardar gargaɗi don ya yi tsaki a gabana. Rana ta uku na tuna an koya mana cewa shugaba shi ke fara yi a gani. Na tuɓe riga gaban matan gari da ke zaune da tulunansu, na ɗaura igiya a ƙugu, na ce a duba jadawali, mai bin layi ya riƙe.

Gaba biyar na farko ina fito. A gaba goma fito ya ɗauke. Da na kai wajen ashirin, ga zafi, ga duhu, numfashi da ƙyar, sai na ɗaga kai. Bakin rijiyar ya koma kamar faifai, kuma kan da ke leƙowa na Ɗan'azumi ne. Jadawalina ne ya ba shi igiyar!

Jama'a, ashe rijiya tana ƙara murya. Ni a zatona addu'a nake yi a hankali, ashe har bayan gari ana jin: "Wayyo Inna! Ɗan'azumi, don girman Allah, na janye takardar! Baba Gaji, karɓi igiyar nan!"

Suka jawo ni. Ina fitowa wata tsohuwa ta dubi wandona, jiƙe sharkaf har gwiwa, ta rangaɗa guɗa: "Ayyururui! An samu ruwa!" Mata suka taso da tuluna a guje. (Ba sai na faɗa muku inda ruwan ya fito ba.) Da ƙasa za ta tsage, da na koma ciki da kaina.

Baba Gaji bai ko murmusa ba. Ya yafa mini mayafinsa, ya ce wa matan, "Saura kaɗan, ku yi haƙuri." Ɗan'azumi ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, igiya ta saɓule masa fata. "Mushe, ko na ƙi ka, ba na sakinka. Amma ka ji yadda ake ji a ƙasa."

A nan take na yaga jadawalin, na ce kowa ya koma ga mutuminsa. Na tambayi Baba Gaji ni kuma mene ne aikina. Ya ce in tabbata siminti da abinci ba su yanke ba, in kuma daina tsaya musu a kai. Na yi ta zirga-zirga Damagaram, na zaune wa ma'ajin sito a ƙofa har sai da ya gaji da ganina.

Kwana goma sha ɗaya, guga ya fito da laka, washegari da ruwa garau. Wallahi na yi kuka, na yi rawa, ni da Ɗan'azumi muka rungumi juna. Ko gida ɗaya bai tashi daga garin nan ba.

Na yi shekaru ina shugabantar mutane bayan haka, har na zama darakta. Duk dokar da zan kafa, sai na fara tambayar waɗanda za ta hau kansu. In kuwa dole sai na gwada da kaina, to ina zagayawa bayan gida tukuna.